Kaset ɗin da ya biyo ni gidan Baba

Assalamu alaikum. Ni tsohuwar malamar Turanci ce, a Zariya na yi aikin koyarwa har na yi ritaya, yanzu ina gida ina fama da jikoki da ciwon gwiwa. Na san wasu za su yi dariya su ce me ya haɗa tsohuwa irina da mawaƙan Turawa. To, kowa da abin da ya ɗebe masa kewa a lokacin da duniya ta yi masa zafi. Ni dai shekarar da aurena na fari ya mutu, bayan addu'a da haƙurin da iyaye suka yi ta ba ni, abin da ya zauna da ni a ɗaki wani kaset ne na ABBA mai suna The Visitors.

Yaran yanzu ba za su gane yadda waɗannan mutane suka cika gari a zamaninmu ba. Su huɗu ne daga ƙasar Suwidin, maza biyu mata biyu: Agnetha da Björn mata da miji, sai Benny da Anni-Frid, wadda aka fi sani da Frida, su ma suna tare. Tun da suka ci gasar waƙa ta Eurovision a garin Brighton na Ingila a 1974, babu shagon kaset a Sabon Gari da za ka wuce ba ka ji muryar matan nan biyu ba. Mu 'yan boko na lokacin mun ɗauke su a matsayin hoton auren zamani: ga miji ga mata, sana'a ɗaya, kullum cikin fara'a.

A 1975 aka ɗaura mana aure da Malam, shekarar da kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na gwamnati, ya shigo hannun ma'aikata. Shi lissafi yake koyarwa, ni Turanci, a makarantar sakandare ɗaya. Da kuɗin ya sayi Vespa da babbar rikoda mai lasifika biyu. Duk Asabar sai ya leƙa wani shago a Sabon Gari inda ake ɗaukar waƙa daga faifai a zuba a kaset, ya dawo da sabo, mu kunna ina wanki yana goge babur. Ba zan yi ƙarya ba, mun ji daɗin shekarun nan.

Na haihu a 1976, mace. 'Yar fari ce, kuma aka sa mata sunan mahaifiyar Malam, kunya ta zama biyu ke nan. Ba na kiran sunanta, ko laƙabin da ake kiranta da shi ba ya fita a bakina, sai dai in ce "ke" ko "yarinyar nan". In ta faɗi a gaban dangin miji ba ni ce mai rugawa in ɗauke ta ba, sai in kau da kai in jira wata ta ɗaga ta. Haka Inna ta yi wa yayana, haka aka yi wa Inna. Duk karatun bokon da na yi bai taɓa sa na ga aibin hakan ba.

Bayan ita ciki ya yi ta zubewa. Maganganu suka fara fitowa daga wajen 'yan'uwansa mata, a 1980 ya ƙara aure. Ban yi yaji ba, kuma har gobe ba na ɗora wa amaryar laifi, mace ce mai sanyin hali. Abin da ya kashe aurenmu ba shi da suna. Babu duka, babu zagi, bai taɓa hana ni ci ko sutura ba. Hira ce kawai ta ƙare. Sai mu yini a makaranta ɗaya, mu dawo gida ɗaya, in ban da "sannu da zuwa" da "ga abinci" babu abin da ke haɗa mu. Da damina ta 1982, ana cikin dogon hutu, ya ajiye mini takarda a kan teburin da nake makin jarrabawar yara. Saki ɗaya. Mata suka yi ta tambayata, "Me ya yi miki? Me kika yi masa?" Na rasa amsar da zan ba su, su kuma suka ɗauka ɓoyewa nake yi.

Kaset ɗin kuwa tun kafin wannan ya shigo gidan. Malam ne ya kawo shi a farkon shekarar, ya saka, ya yi ta tura shi gaba yana neman mai kiɗan rawa irin wanda aka saba, bai samu yadda yake so ba. Ya ce mutanen nan sun tsufa, abin babu armashi, ya jefa shi kan kabad. Ranar da Gwaggo da ƙannena suka zo kwashe kaya da a-kori-kura, ban san wadda ta tattaro shi ta zuba cikin kwalin littattafaina ba. Sai da na zo jera ɗaki a gidan Baba na gan shi. C90 ne, wato mai minti casa'in, duk waƙoƙin tara suna gefe ɗaya, mai shagon ya rubuta sunayensu da jan biro, rabi duk ya ɓata rubutun.

A gidanmu na yi idda, kamar yadda aka saba, ko da yake malamai suna cewa a ɗakin miji ya kamata a yi ta. Maganar yarinya ce ta fi ci mini rai. Shekararta shida. Na sani sarai cewa a mazhabarmu ta Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin riƙon 'ya mace har ta yi aure, matuƙar uwar ba ta sake aure ba. Na faɗa wa Baba haka, cikin ladabi, ina durƙushe. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Na san karatun. Amma ba za a kira sunana a gaban alƙali ina jayayya da suruki a kan 'yarsa ba. Ki bar musu, 'ya ai ba ta ɓata." Na ce to, Baba. Magana ta ƙare.

Da dare in gida ya yi shiru nake kunna 'yar ƙaramar rikodata, wadda na saya da albashina, in rage murya yadda ko Inna da ke ɗakin kusa ba za ta ji ba. Batir nake saka mata, in ya fara sanyi muryoyin su riƙa ja, sai in cire in shanya shi a rana kashegari. Don kada in ɓarnatar da shi, da biro nake mayar da kaset baya.

Waƙar farko, wadda aka sa wa faifan sunanta, ta ba ni mamaki. Muryar Frida ce, amma an sarrafa ta da na'ura, tana ja tana lanƙwasa har ka ce farkon waƙar fim ɗin Indiya ce. Mace ce ita kaɗai a gida, cikin littattafanta da kayan ɗakinta, tana jin ana taɓa ƙofa, tsoro ya hana ta motsi. A lokacin na ɗauka labarin mace ne da kaɗaici ya fara taɓa wa hankali. Daga baya na karanta cewa a kan 'yan adawa ne a ƙasashen da ke ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet, masu taro a ɓoye suna jiran ranar da 'yan sandan ciki za su zo su tafi da su. An saki faifan ranar 30 ga Nuwamba 1981, mako biyu bayan haka, ranar 13 ga Disamba, aka kafa dokar soja a Folan aka kama dubban mutane. Ni ba ruwana da siyasar Turai a wancan lokaci. Abin da na sani shi ne duk sallamar da aka yi a zaurenmu bayan magariba sai gabana ya faɗi, in kasa kunne in ji ko 'yan biko ne. Kuma wallahi da za a tsare ni a ce in faɗi ko so nake su zo ko tsoron zuwansu nake yi, da ban iya ba.

Ta ƙarshe kuwa, murya ɗaya ce tak, ta Frida, sai ɗan kiɗa siriri da ƙarar agogo yana bugawa tun daga farko har ƙarshe. Ranar farko na zaci rikoda ce za ta cinye mini kaset, na yi wuf na kashe.

Da hutu ya ƙare na koma aiki. Shugaban makarantarmu, dattijo mai kirki, ya kira ni ofis ya ce in ina so zai nema mini canjin wurin aiki. Na yi godiya na ce a bar ni. Shekarar tsuke bakin aljihu ce ta gwamnatin Shagari, kaya sun yi tsada, kuma na san canji yana nufin a jefa ni wani ƙauye inda sai in yi wata da watanni ban sa yarinyar nan a ido ba. Saboda haka muka ci gaba da zama a ofishin malamai ɗaya ni da mutumin da ya sake ni. Dogon teburi ne guda. Shi yana can gefen taga, ni ina kusa da kabad ɗin alli. In na shigo sai hira ta tsaya, wani ya hau gyaran murya, wani ya tuna yana da aji. "Malama, ga rajistar aji uku." "Na gode, Malam." Iyakarmu ke nan. Ranar Talata darasinsa ne kafin nawa a aji ɗaya, dole mu yi kiciɓis a bakin ƙofa, ya matsa in wuce. Tun muna tare halinsa ne ya bar allo cike da lissafi, ni ce mai gogewa, na sha yi masa ƙorafi a gida. Bayan rabuwarmu ban sake tarar da allon nan da rubutu ba. Kullum sai ya goge shi tas kafin ya fita, har ƙasan inda ƙurar alli ke taruwa. Bai taɓa cewa komai a kai ba, ni ma haka.

Wata rana rikoda ta cinye kaset ɗin da gaske, na kai shi shagon nan na Sabon Gari. Yaron shagon ya warware ƙullin, ya yanke inda ya tauye, ya liƙe da jan farce. Ina tsaye ina jira sai na hango bangon ainihin faifan a jingine, na ce ya miƙo mini. A faifansu na baya yawanci a manne suke da juna. A wannan kuwa wani babban ɗaki ne mai duhu-duhu, haskensa ja-ja, ga wani ƙaton zane na mai fukafukai a bango. Su huɗun suna ciki, wasu a zaune wasu a tsaye, kowa da tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa, babu mai kallon wani, babu mai murmushi. Ɗakin wani mai zane ne, Julius Kronberg, da ke gidan tarihi na Skansen a Stockholm, babban birnin Suwidin. Na daɗe ina riƙe da kwalin nan har yaron ya ce, "Hajiya, ko za a saya ne?" Ofishinmu na gani, ba wani abu ba.

A hankali na tattara labarinsu, daga mujallu da rediyo. Björn da Agnetha sun sanar da rabuwarsu a Janairun 1979, suna da 'ya'ya biyu. Benny da Frida, waɗanda sai a 1978 suka ɗaura aure bayan dogon zama tare, suka sanar da tasu a Fabrairun 1981. A watan Maris, wato 'yan makonni kawai bayan haka, suka shiga ɗakin ɗaukar waƙarsu na Polar suka fara aikin wannan faifai, na takwas a jerin nasu. Kuma cikin shekarar nan ta 1981 duka mazan biyu suka yi sabon aure. Da na ji haka na ce oh, ashe namiji ko a ƙanƙara aka haife shi halinsa ɗaya ne. Amma matan suka ci gaba da zuwa aiki, su tsaya gaban makirfo, tsofaffin mazansu na bayan gilashi suna cewa a sake wannan baiti. Na san nauyin wannan. Wanda bai taɓa cewa "ina kwana" ga mutumin da ya san duk sirrinsa, a gaban jama'a, da muryar da ake gaida baƙo ba, ba zai gane ba.

Akwai wadda ake kira When All Is Said and Done, a kan rabuwar Benny da Frida, kuma Fridar ce ta rera. Mutum biyu ne da suka manyanta suna sallama, babu mai tuhumar wani, babu mai roƙon a dawo. Ita ce ta fara ba ni amsar da na rasa ba matan unguwa, cewa aure yana iya mutuwa ba tare da an sami azzalumi a ciki ba. Sai dai akwai abin da bai taɓa kwanta mini ba game da waƙoƙin nan, har yau. Björn ne ke rubuta kalmomin duka. Wato namiji ne zai zauna ya tsara abin da yake ganin matar da aka rabu da ita take ji, ya miƙa mata ta rera wa duniya. One of Us, wadda ta fi sauran tashe har ta kai ta uku a jerin waƙoƙin Ingila, mace ce da ta fita da kanta tana kwance tana nadama, kuma Agnetha aka ba ta. Ni da Malam zai rubuta yadda yake zaton ina ji ya ce in karanta a asambili, da an ji mu. Shi ya sa nake yawan tsallake ta, ko da yake ta fi kowacce daɗin kiɗa.

Wadda ba na tsallakewa ita ce ta kusa da ƙarshe, Slipping Through My Fingers. Björn ya rubuta ta ne bayan ya ga 'yarsu ta fari, mai shekara bakwai, ta saɓa jaka ta tafi makaranta tana ɗaga hannu, uwar yarinyar kuma ta rera. Uwa ce ke cewa 'yarta na girma tana kuɓuce mata, abubuwan da ta shirya za su yi tare yawanci ba a yi ba. Da farko haushi ta ba ni. Na ce wannan ƙoshi ne: ke da kike karyawa da 'yarki a teburi ɗaya kowace safiya, me kika rasa? Ni tawa a Vespa nake hango ta. Makarantarsu ta firamare na kan hanyar tamu, Malam yakan fara tsayawa ya sa hannu a rajistar malamai kafin ya kai ta. Tana tsaye a gaba tsakanin hannayensa, ta riƙe madubi, ɗan akwatinta na ƙarfe a ƙasa tsakanin ƙafafunta. Daga tagar ajin da nake nakan duba kitsonta, in ga ko an wanke mata kai, ko safarta ta yi datti. Kullum tsaf take, matar uban ba ta yi mata ƙeta ba, kuma Allah Ya gafarta mini, wani lokaci hakan ma ciwo yake yi mini. In ta hango ni ta ɗaga hannu, ba na ɗaga mata. Ɗalibai na kallo, malamai na kallo, 'yar fari ce. Sai in juya in ce aji su buɗe shafi kaza.

Da dare sai in ji wata uwa a can wata duniya tana faɗin abin nan da bakinta, a fili, game da tata 'yar farin, babu wanda ya ce ta yi rashin kunya. Ban ce tasu al'adar ta fi tamu ba. Kunya tana da ranarta, ita ce ta hana ni da Malam tona wa juna asiri, har muka yi shekaru a teburi ɗaya babu wanda ya ji kanmu. Amma a kan yarinyar nan ta cuce ni, ita ma ta cuce ta.

Idda ta cika, ba a zo biko ba. ABBA ma a shekarar suka watse ba tare da sun ce sun watse ba. Sun ɗauki 'yan waƙoƙi a 1982, suka fito a talabijin ɗin Ingila a watan Disamba, suka ce za su ɗan huta, shi ke nan. Na yi zawarcina, a 1985 Allah Ya haɗa ni da maigidana na yanzu, na haifa masa maza uku, cikin da aka ce ba ya zama ya zauna. Malam ya sami ƙarin girma aka mai da shi wata makaranta. Lokacin auren yarinyar nan matar ubanta ce uwar amarya, ni na aika da gudummawata na zauna a gida, kamar yadda ake yi.

Sau ɗaya muka taɓa maganar kaset ɗin da shi. Ranar sunan jikanmu na fari ne, mun haɗu a ƙofar gida, mun gaisa, sai ya ce, "Malama, akwai kayana a hannunki fa, tun tuni." Na ce wanne? Ya faɗa. Na ce, "Ai kai ka ce ba shi da armashi." Ya yi dariya ya ce lokacin yaro ne shi. Na sa aka ɗaukar masa a sabon kaset na ba ɗana ya kai masa, nawa na riƙe abina. Ya rasu shekarun baya, na je ta'aziyya, ni da matarsa muka rungume juna muka yi kuka. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

A Nuwamban 2021 sai ga saƙo a WhatsApp daga yarinyar nan, tana Abuja da iyalinta: wai mutanena sun dawo, sun fitar da sabon faifai mai suna Voyage bayan shekara 40. Jikata ta kunna mini. Muryoyin sun yi ƙasa, sun yi kauri, irin na tsofaffi 'yan'uwana, na ji daɗin jin su da rai da lafiya. Amma sau biyu na saurara na bar shi, ni a wajena sun riga sun yi sallama tun 1981. Sai na ce wa jikar ta nemo mini waccan ta uwa da 'yar makaranta, ta tura wa uwarta. Ban rubuta komai a ƙasa ba.

Ko minti goma ba a yi ba ta kira. "Mama, lafiya? Na ga kin turo waƙa, ko hannunki ne ya danna?" Na ce ba kuskure ba ne, ki zauna ki saurara da kyau, ai kin ji Turanci. Ta ce ta san ta, a wani fim ta taɓa ji. Na ce to ni tun kina aji ɗaya na san ta, lokacin da ake kawo ki a Vespa. Ta yi shiru, sannan ta ce ita fa duk zatonta ba na ganinta ne ta tagar nan, shi ya sa take ƙara ɗaga hannun sama. Muka daɗe a waya ranar, har katinta ya ƙare na kira ta da nawa.

Da Sallah ta zo da yaran. Ita nata ɗan farin sunansa take kira gatsau, har ta rungume shi a gaban surukai, ƙato da shi mai gemu. Na yi mata faɗa, ta ce Mama ke ma gwada kiran nawa mana, ko sau ɗaya. Na ce ta tashi ta duba mini miya kada ta kama.